Yadda Ake Kwance Tsohuwar Fijo 504 Don A Sake Haɗa Ta

Tun 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Fijo a Kakuri cikin Kaduna, kuma 504 ce ta fi kowacce daɗewa a hanya. Har gobe za ka gan ta a Kwangila da Ɗan Magaji a Zariya, wagon ɗinta da akori-kurarta suna ta faman kaya, wasu kuma an jingine su a bayan gida a Tudun Wada ko Sabon Gari, tayoyi sun nutse cikin ƙasa. Ga mai koyon kanikanci, babu motar da ta kai ta daɗin koyo: ba kwamfuta, ba na'urar da za ta ɓoye maka komai, kayanta kuma ana samu. Amma yawancin irin waɗannan motoci da aka kwance ba su sake tashi ba, kuma abin da ya kashe su shi ne yadda aka kwance su. An zube noti da kusoshi a kwano ɗaya, an cakuɗa fistin, an tsinke wayoyi, bayan wata uku babu wanda ya tuna abin da ya fito daga ina. Wannan bayani na saloon da wagon ne masu injin fetur mai lita 2, wanda ake kira XN1, amma tsarin zai yi maka aiki a kan yawancin tsofaffin motoci.

Kafin ka ɗora sifana

Fara da takardu. Duba lambar shasi da lambar inji, ka tabbatar sun yi daidai da abin da ke rubuce a takardun motar, ka ɗauki hotonsu. Wanda ya kashe kuɗi ya gama aiki sannan ya gano lamba ba ta dace ba, shi da jami'an VIO ne a hanya.

Sai wuri. Motar za ta yi watanni a inda ka ajiye ta, don haka a sami daɓen siminti mai shimfiɗe da rumfa a sama. Damunar Zariya ba ta wasa, daga Mayu zuwa wajen Oktoba ruwa zai shiga duk ƙarfen da aka bari a buɗe, da hunturu kuma ƙura ce za ta cika ramukan mai na inji. Ka tanadi sifana da soket daga lamba 8 zuwa 24, musamman 10, 11, 13, 17 da 19, da makullin alan, da sifanar bututun birki mai tsaga a baki, da doguwar sandar ƙarfe ta ƙara ƙarfi, da hamar roba, da filla-gej na auna tsakani. Jak ɗaya, ƙafafun tsayar da mota na ƙarfe guda huɗu. Bulon siminti ba abin tallafe mota ba ne, yana fashewa lokaci guda ba tare da gargaɗi ba; idan babu ƙafafun ƙarfe, gungumen katako mai kauri ya fi. Za ka buƙaci cen-bulok, wato sarƙar ɗaga inji, mai ɗaukar aƙalla rabin tan, da ledoji kamar ɗari, da gwangwanayen madara ko na tumatir, da salatif na takarda, da maka, da littafin rubutu. Waya ma kayan aiki ce a nan: kowane sashe a yi masa hoto ta fuska biyu ko uku kafin a taɓa shi.

A wanke motar, har ƙarƙashinta da ɗakin inji. Kwana biyu kafin fara aiki a feshe notin salansa, na manifol, na ƙafafu da na bamba da man kwance tsatsa, a maimaita safe da yamma.

Idan injin yana tashi, kada ka yi gaggawar kashe shi har abada. Wannan ce dama ta ƙarshe da zai gaya maka ciwonsa. Bari ya yi zafi, ka saurara: ƙara mai nauyi daga ƙasa metal ne (ɓawon ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a ciki), ƙaf-ƙaf daga sama tafet ne (ƙarfen da ke tura sandunan buɗe bawul), shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa, farin hayaƙi da ba ya yankewa ruwa ne ke shiga silinda. Cire fulogi huɗu, ka auna matsin kowace silinda da ma'auni, ka rubuta. Bambancin da ke tsakaninsu ya fi adadin kansa muhimmanci. Idan ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 15 cikin ɗari, zuba mata baƙin mai cokali ɗaya ta ramin fulogi ka sake aunawa. In matsin ya hau, ringi ne. In bai motsa ba, bawul ne ko gasket. Idan motar tana tafiya, zaga da ita ka gwada kowace giya, ka ji ko tana fitar da giya da kanta, ko bak-aksil yana kuka. Da zarar an warwatsa, waɗannan amsoshi sun tafi.

Batir, ruwa da mai

Batir ake fara cirewa, kuma kan nagatif ake fara kwancewa. Dalili: jikin motar duka nagatif ne, idan ka fara da fozitif sifana ta taɓa ƙarfe, tartsatsi zai tashi kusa da fetur.

Juye baƙin mai yana da ɗumi, wajen lita 4 ne. Notin juyewa a yawancin Fijo yana da rami mai kusurwa huɗu na milimita 8, a nemo makullinsa, kada a dake shi da kurfi. Dubi man da ya fito a hasken rana. Idan ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya haɗu da shi. Idan yana ƙyalli da garin ƙarfe, metal ya ci. Ruwan lagireto wajen lita 8 ne. Man giya da na bak-aksil kowanne a kwanonsa, a duba ko da gutsuren haƙori. Man birki yana cin fenti, yana kuma cutar da ido. Tsohon mai a zuba a jarka a rufe, akwai masu saye. Kada a malala shi a kwata ko kusa da rijiya.

Tankin fetur yana ɗaukar sama da lita 50. A zuƙe shi da famfon hannu, ba da baki ba, a fili, nesa da mai walda da mai shan taba. Tankin da babu komai ya fi cikakke haɗari, domin tururin da ke ciki ne ke fashewa. A sauke shi a ajiye can gefe, bakinsa a buɗe, a inuwa.

Akwai notin da ya kamata a sassauta tun motar tana kan tayoyinta, domin daga baya babu abin da zai riƙe maka: notin tayoyi, manyan notin hob, da notin fulin kiranshaf a gaban inji. Na ƙarshen nan, sa motar a giya ta huɗu, wani ya taka birki, kai kuma ka ja da doguwar sanda. A sassauta kawai, ba cirewa ba.

Jiki da wayoyi

Kafin cire bonet da ƙofofi, zagaye kowane hinji da maka, don a san inda yake zaune. Bar hinjin a jikin mota idan zai yiwu. Bamba, fitilu, gilashin ƙofa da kujeru ba su da wahala, sai dai kowane sashe notinsa ya shiga ledarsa, a rubuta suna a takarda a jefa ciki, domin rubutun maka a bayan leda mai yana goge shi. Inda zai yiwu, mayar da noti raminsa bayan cire abin da ya riƙe. Kula sosai da kusoshin da sifana 11 ke kamawa. Motocin Faransa suna amfani da kusa mai kaurin milimita 7, wadda ba kasafai ake samu a shagon kusoshi ba, kuma wanda ya cusa ta 8 a raminta ya lalata zaren.

Gilashin gaba da na baya roba ce ke riƙe da su. Idan ka riga ka sami sabuwar roba, yanke tsohuwar da reza ka ɗauke gilashin salin-alin. Idan ba ka samu ba, a ɗaga leɓen robar daga ciki kaɗan-kaɗan, mutum ɗaya yana turawa daga kusurwar sama, biyu suna tarewa a waje. A jingine gilashi a tsaye kan katako.

Wayoyin Fijo lamba ake bi, ba launi ba. Kowace waya tana da lambarta a kusa da bakinta. Amma a motar da ta shekara talatin a hannun riwaya daban-daban, lambobin sun goge, an yi ƙari da wayar gida. Saboda haka kowace waya da ka zare, naɗa mata salatif ka rubuta inda ta fito. Kada ka yanke ko ɗaya. Idan za a fitar da dukan damin wayoyin, a ja shi ta cikin mota bayan an cire dashbod, a shimfiɗa shi a kan faifan katako yadda yake a mota.

Ɗaga kafet da duk abin da aka shimfiɗa a ƙasa. Nan gaskiyar motar take. Ɗauki sukudireba ka soki daben ƙafa, ƙasan but, wurin zaman batir, ƙasan ƙofofi, dogayen bangarorin da ke ƙarƙashin ƙofofi, gefen gilashin gaba, da saman inda shokabzoba na gaba ke ɗaure. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa, an cika da fila. Kira fanabita ya gani a wannan mataki, kafin ka sayi ko ringi ɗaya. Idan tsatsa ta cinye wurin da ƙafafu ke ɗaure, ko motar ta taɓa karo ta karkace, mu a ganinmu gara a nemi wani jikin a mayar da wannan ta kayan gyara.

Fitar da inji

Cire lagireto da tiyoyinsa, fanka, bel, altaneta, kik, tukunyar iska da kafireto. Kafireto a juye fetur ɗinsa a sa shi a leda dungurungum, ba yau ake buɗe shi ba. Toshe bakin manifol da tsumma. Kafin zare distiribita, juya inji har fistin na ɗaya ya kai sama a bugun matsi, ka yi alama inda rota ke kallo da inda jikin distiribitan ke zaune. A Fijo silinda ta ɗaya ita ce ta wajen filawil, wato ta baya, kuma wuta tana bin 1-3-4-2. Masu koyo da suka saba da motocin Japan sukan ƙirga daga gaba su rikice.

Notin salansa da na manifol su ne masu karyewa. Idan noti ya ƙi, kada a yi masa dole: ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan, sannan a sassauta, a yi ta kai da komo ana fesa mai. Soket mai kusurwa shida ya fi mai goma sha biyu riƙo. Idan ya zagaye, a gasa notin da wuta, tunda tanki ya riga ya fita, ko a tsaga shi da kurfi a ceci kusar.

Tallafi giyabos da jak da katako. Kwance kusoshin da suka haɗa shi da inji, da ƙaramar silindar kuloc, da wayar as da ke haɗa inji da jiki, wadda aka fi mantawa har sai ta tsinke. Injin 504 a kishingiɗe yake zuwa dama, don haka a ɗaura sarƙa ta yadda zai tashi a yadda yake kwance, in ba haka ba zai juya ya daki gefen ɗakin inji. Ɗauke nauyin kaɗan, kwance kujerun inji, ja shi gaba a miƙe har sandar giya ta fita daga kuloc, sannan a ɗaga. Idan nauyin inji ya rataya a kan sandar nan, farantin kuloc zai lanƙwashe. Idan ya ƙi rabuwa, akwai kusar da ta rage. Nemo ta, kada a sa ƙarfe a ɓanɓare. Kada kowa ya sa hannu ko kai ƙarƙashin injin da ke rataye.

Buɗe injin

Nan ne ake bukatar natsuwa. Cire kuloc ta hanyar sassauta kusoshinsa kaɗan-kaɗan a zagaye, bayan ka yi alamar yadda yake zaune kan filawil. Ƙurar kuloc da ta birki a tsofaffin motoci tana iya ƙunsar asbestos mai lalata huhu, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, kada a hura.

Tof-silinda, wato kan inji, na alminiyom ne, bulok kuma na baƙin ƙarfe, don haka sai inji ya huce sarai ake kwance shi, in ba haka ba zai bauɗe. Cire murfin sama. Kusoshin kan guda 10 ne. A fara daga na gefe a nufo tsakiya ana tsallakawa, kwata-kwatan juyi a kowane zagaye, sai a zagaye na uku a cire gaba ɗaya. Ɗauke roka. Fush-rod guda 8 ne: huda kwali rami takwas, rubuta GABA a gefe ɗaya, ka soka kowanne a layinsa. Kafin zare kowanne, ɗan murza shi don kada ya jawo tafet ɗinsa.

Yanzu abin da ya bambanta wannan inji da yawancin injuna. Fistin ɗinsa ba a cikin bulok kai tsaye suke gudu ba, a cikin silif ne guda huɗu da ake zarewa, ruwa yana zagaye su, kuma tof-silinda ne kaɗai ke danne su a kan abin toshe ruwa da ke gindinsu. Idan ka ɗaga kan a miƙe, gasket zai iya jawo silif sama. Idan ka juya kiranshaf bayan cire kan, fistin zai tura silif. Ko ɗan motsi ya isa ya sa tsatsa ta faɗa ƙarƙashinsa, daga nan ruwa ya riƙa gangarawa cikin mai. Don haka a sa sandunan ƙarfe biyu a ramukan kusa a girgiza kan zuwa gefe har gasket ya saki, kada a cusa sukudireba tsakanin kai da bulok. Da an ɗauke, a danne silif ɗin da manyan wasa (faya-fayen ƙarfe masu rami da ake sawa ƙarƙashin noti) da gajerun kusoshi a ramukan kusoshin kai. Ko da za ka canza su duka, danne su tukuna, domin kana son ka auna tsayin da kowanne ya ɗara fuskar bulok da shi, da miƙaƙƙen ƙarfe da filla-gej. Silif da ya nutse shi ne dalilin da wasu injuna ke ƙona gasket sau uku a shekara. Rubuta awon, ka gwada da abin da littafin gyaran motar ya ce.

Kai kuma a ajiye shi a kan katako, fuskarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Bayan an kankare shi, ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a tsaye da kuma kusurwa zuwa kusurwa. Idan filla ta milimita 0.10 ta shige, sai an kai wa masu injin gyaran fuska. Duba tsakanin kujerun bawul ko da tsaga, da ramukan ruwa, domin injin da ya sha ruwan rijiya zalla shekara da shekaru alminiyom ɗinsa yakan rube a nan. Bawul ma kwali za a huda musu, takwas a jere.

Zare tafet takwas, kowanne a gwangwaninsa mai lamba. Kowane tafet ya saba da ƙullin kamshaf ɗinsa, idan aka musanya sai su cinye juna cikin ɗan lokaci. Cire fuli da murfin gaba. Kafin taɓa sarƙar tayimin, daidaita alamominta ka yi hoto, sannan a cire abin da ke ɗame ta a hankali don kada sifirin ɗinsa ya yi tsalle.

Kifa injin, cire botom-filet, wato kwanon baƙin mai na ƙasan inji, da famfon mai. Kafin ka kwance komai a ƙasa, tura kiranshaf gaba da baya da sanda ka auna wasan da yake yi. Idan ya wuce milimita 0.3, faya-fayen ƙarfen da ke tare shi sun ci. Sai alama. Kowane kon-rod da murfinsa a buga musu ɗigo da fanc a gefe ɗaya: ɗigo ɗaya ga na ɗaya, biyu ga na biyu, har huɗu. Manyan murafan kiranshaf guda 5 ma haka, da kibiyar da ke nuna gaba. An gyara kowane murfi ne tare da mazauninsa a masana'anta, in aka juya shi ko aka musanya, kiranshaf zai ɗaure ko ya cinye sabon metal a mako guda. Sa guntun tiyo a kan kusoshin kon-rod don kada su karce kiranshaf. Fitar da kowane fistin tare da silif ɗinsa, ka rubuta lamba da gefen gaba a jikin silif da fenti, ka mayar da murfin rod wurinsa nan take.

Kada ka zubar da tsohon metal. Juya bayansa: idan an rubuta STD, ba a taɓa yanka kiranshaf ba, idan akwai wata lamba, an taɓa. Wanda jan ƙarfe ya bayyana a fuskarsa ya ƙare, wanda ya ci gefe ɗaya yana nuna rod ya lanƙwashe. Ja farce a kan wuyan kiranshaf. In farce ya maƙale, sai an yanka. Kada a sayi metal sai mai yanka ya auna ya faɗi lambar da za a saya. Duk ƙarfen da aka wanke da kananzir a shafe shi da mai a ranar, a naɗe a leda.

Giya, ƙafafu da sayayya

A saloon da wagon, furofela tana gudu ne a cikin wani bututun ƙarfe da ya haɗa giyabos da bak-aksil, don haka giya ba ta fita sai an raba wannan bututu, an kuma tallafi aksil. Giyabos da aksil da ba su yi kuka a gwaji ba, a wanke bayansu, a canza musu sil, a bar cikinsu.

Shawararmu ita ce a bar motar a kan tayoyinta har sai an gama shirya inda za a yi walda da fenti, domin jikin da ba taya mutum shida ne ke ɗaukarsa. Idan lokacin ya yi, bututun birki a kwance su da sifana mai tsaga, a toshe bakinsu. Shokabzoban gaba a fitar da shi tare da sifirin ɗinsa a haɗe, kuma kada a taɓa notin tsakiya na sama sai an matse sifirin da abin matse shi na gaske. Igiya ko waya ba ta riƙe shi, kuma ƙarfin da ke cikinsa ya isa ya fasa fuskar mutum. Yi alamar hagu da dama a kan komai, ka ƙirga zaren da ya fito a kan tayrod kafin ka kwance, ka rubuta.

Daga nan buɗe littafinka ka raba kayan gida uku: na wankewa a mayar, na kai wa masu injin gyara, da na saye. Gasket, sil, ringi, metal, sarƙar tayimin, tiyoyi da robobin birki duk sababbi ake sawa. Abin da ba a samu a shagunan Sabon Gari ba, a duba Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, kuma a tafi da tsohon a hannu, domin 504 ta canza kaya sau da yawa a tsawon shekarunta, abin da ya shiga ta farkon shekarun 1980 ba lallai ya shiga ta 2000 ba. Tsofaffin kayan kuma a ajiye su a kwali guda, kada a sayar wa 'yan gwangwan sai motar ta tashi ta yi tafiya.